Sunan Baba a Bakin Uwarku

Na ji abin da ake gaya muku a gidan gwaggonku Lami, kuma na san ba yau aka fara ba. Wai uwarku ta haifi babbanku a ƙasar Turawa ta juya masa baya, har sai da hukumar can ta zo za ta ɗauke shi. Masu wannan maganar ko filin jirgin Kano ba su taɓa takawa ba. Ni ina wurin. Karatuna bai wuce firamare ba, rubutuna ma ga shi kuna gani, amma abin da idona ya gani ba sai na yi digiri zan faɗe shi ba. Ita uwar taku ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta buɗe baki a kan wannan ba. Don haka ni zan faɗa. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya koma gidan Lami a ƙara masa.

Lokacin ina bakanike a garejin aikin gona na Funtua, muna gyaran tarakta. Katsina ba ta zama jiha ba tukuna. Turawan da suka kawo injinan suka ce a ba su mutum biyu su tafi ƙasarsu, Kanada, su koyo gyaran manyan injinan girbi. Aka zaɓe ni da Bayo. Bayo Bayarabe ne, amma a Funtua aka haife shi, uwarsa na sayar da atamfa a kasuwa, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gidanmu, bakinsa kuma ba shi da birki. Aka ce mai aure zai iya tafiya da matarsa, za a ba shi ɗaki. Aurena da uwarku Asabe bai rufa shekara ba. Na je ƙauyenmu, can gefen Bakori, na gaya wa mahaifiyata Inna cewa da matata zan tafi. Tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai dai ka je ka dawo. Yarinya ta zauna wurina."

"Inna, wa zai dafa mini?"

"Saboda tuwo za ka kai 'yar mutane inda ba a kiran salla?"

Na dage, ita kuma ta ci gaba da tsintar wakenta. Abin da ban sani ba shi ne uwarku tana da ciki. Inna ta sani. Uwar Asabe a Gozaki ta sani. Har matan maƙwabta sun sani, don su da ganin wuyan mace sun gane. Ni kaɗai, mai cikin, ba a gaya mini ba, saboda cikin fari ba abin da ake zancensa ba ne, balle da namiji. Ranar da za mu tashi Inna ta riƙe hannun Asabe ta ce, "To, Allah ya raba lafiya." Na ce amin da ƙarfi, a zatona addu'ar matafiya ce. Da mutum ɗaya ya ja ni gefe ya yi mini magana a fili, da ban ɗauke ta ba, da duk abin da zan rubuta a nan bai faru ba. Ku riƙe wannan kafin a ce muku taurin kaina ne ya ja.

Mun sauka sun gama girbin alkama. Garin a shimfiɗe yake kamar tabarma, ba dutse, ba kuka, ba abin da zai tare iska. Aka ba mu ɗaki a saman gidan wata tsohuwa, tagoginsa gilashi biyu-biyu, ba a buɗewa. Sanyin da muka tarar ya riga ya fi duk wanda na sani a gida, amma mutanen garejin can suna dariya suna ce mana ai bai zo ba tukuna. Uwarku da silifas ɗin roba ta taho, da atamfofin aurenta. Na kai ta shagon gwanjo na saya mata wata ƙatuwar kwat ta maza da takalma masu kai wa ƙwauri. Bayo ya dube ta ya ce, "Amarya, saura bindiga." Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya zo cin tuwo wurinmu, tuwon garin masarar Turawa da miyar kukar da ta ɗauro a ƙullin leda. Tana bakin taga ta kira ni.

"Malam, zo ka ga. Kamar bayan injin auduga in ana gurza."

"Wannan audugar ba mai saye," in ji Bayo, bakinsa cike. "Sai kin roƙi Allah ya kwashe abarsa."

Dariyar ƙarshe ke nan da na tuna mun yi a kan ƙanƙara. Ta zuba ta ƙi tafiya. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, in ta fito kuma ba ta da zafi, kafin ka yi la'asar duhu ya fara. In ka fita gashin hancinka daskarewa yake. Na taɓa ɗaukar sifana a waje ba safar hannu, ta manne a tafina, sai da fata ta bi ta. Ni ko ba komai ina fita, ina ganin mutane, ina jin ƙarar inji. Uwarku tun safe ita kaɗai a ɗaki, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, ba kukan akuya, ba sallamar mai talla, sai bututun ɗumi na ƙwas-ƙwas a jikin bango. Ba ta jin Turanci ko na sannu. Na kan dawo in tarar da ita inda na bar ta, cikin kwat ɗin nan, tana kallon fari. Ina tambayarta lafiya, tana cewa lafiya lau. Kwat ɗin ce ta ɓoye mini cikin har ya tsufa.

Wata rana ta sauko zubar da shara, santsin ƙanƙara ya kwashe ta a matakala. Tsohuwar mai gida ta kai ta asibiti, aka kira ni daga gareji. Likita ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce in kwantar da hankalina, abin da ke cikin bai ji komai ba. A bakin Bature na ji zan zama uba. Da muka dawo ɗaki na rufe ƙofa.

"Ke, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ja gyale ta rufe fuska. "Ana faɗa ne?"

Daga ranar barcina ya ragu. A gida da tuni an mayar da ita Gozaki, ta haihu a ɗakin uwarta, a dafa mata ruwan ganye, a dama mata kunun kanwa, tsofaffi su karɓi jariri su yi masa komai, ita nata kawai ta sunkuyar da kai. A nan wa zai yi? Na nemi a mayar da ita, likita ya ce jirgi ba zai ɗauke ta ba yanzu. Ina kwance ƙarƙashin inji ina ɗaure noti, raina yana kan matakalar nan.

Ta haihu a tsakiyar sanyin, lokacin da ƙanƙara ta kai rabin tagar ƙasa. Namiji, lafiyayye. A nan abin ya fara, kuma ina so ku karanta wannan a hankali. Su can da an haihu sai a ɗora wa uwa ɗan a ƙirji, ta rungume, ta yi kuka, ta sumbace shi, kowa na kallo. Da nas ta ɗora mata shi, uwarku ta kau da kai ta fuskanci bango. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka Inna ta yi da yayana, haka duk 'yar mutunci take yi a ƙasarmu. Ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. Suka ce ta ba shi nono, ta ƙi, don dakashi ne, nonon farko, mu kuma a lokacin matse shi ake a zubar, a ba jariri ruwa. In ba kowa sai ta jawo shi, da ta ji tafiyar nas sai ta tura shi gefe. Su kuma turawar kawai suke gani. Wata nas ta ɗaga shi sama tana ta yaba kyansa. Na ji uwarku ta ce ƙasa-ƙasa, "Ko tubarkalla ba za ta ce ba? Za ta sa masa baki." Nas ta tambaye ni me ta ce, na ce ba komai.

Ranar suna mu uku ne a ɗaki. Bayo ya samo rago a wata gona, muka yanka a rumfar motar tsohuwa, jinin na taɓa ƙasa yana daskarewa. Na ɗauki yaron na raɗa masa sunan mahaifina marigayi, Idrisu. Wane suna zan sa wa ɗana na fari in ba na ubana ba? Sai daga baya na lura na kulle bakin uwarku sau biyu: ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukinta, sunan da ko a bayan idonsa ba ta taɓa furtawa ba. A gida kafin rana ta faɗi mata sun laƙa masa sunan alkunya, kowa ya huta. A nan ba matan da za su laƙa. Sai ya zama "yaron nan".

Bayan an sallame mu wata mata ta fara zuwa duba su a gida, doguwa, mai furfura, da baƙar jaka da sikelin awon jarirai. Mai Jaka muke ce mata. Ba zan ce muguwa ba ce, aikinta take. Amma duk zuwan da za ta yi sai ta tarar da yaro a can ƙarshen gado, uwar a wannan ƙarshen ta ba shi baya, don tana jin ƙwanƙwasa ƙofa take ajiye shi. Nauyinsa bai hau yadda suke so ba. Wata rana kuma ta tarar da uwarku ta fito daga wankan jego, wanda take yi da ruwan famfo mafi zafi tunda ba ganye ba tukunya, tururi ya cika ɗaki, fatarta ta yi jawur. Mai Jaka ta riƙe hannunta tana jujjuyawa, fuskarta ta canja. Ta zaunar da ni, ta yi magana a hankali don in gane. Me ya sa matata ba ta kallon ɗanta? Me ya sa tun da take zuwa ba ta taɓa jin ta kira sunansa ba?

Na ji daɗin tambayar ma, don amsar mai sauƙi ce. Na ce mata kunyarsa take ji. Kalmar Turancin da na sa ita ce shem. Ita malaminmu ya rubuta a allo a gaban kunya, ya sa muka maimaita har da bulala, kuma ban taɓa jin wani ya ce ba haka ba ne. Mai Jaka ta sake tambaya, wai da gaske matata tana shem da ɗanta? Na ce ƙwarai, sosai ma, ai 'yar gidan mutunci ce. Ta daɗe tana kallona, ta rufe jakarta ta tafi. Washegari a gareji na ba Bayo labari ina jin na yi abin kai. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ka ce mata me?"

Na maimaita.

"Sallau, ɗan ƙauye, ka kashe mu. A bakinsu in ka ce mace na shem da ɗanta, ka ce ɗan abin kunya ne a wurinta. Kamar shege. Kamar ba ta so a gan ta da shi."

"To kai Bayarabe mai Turanci, yaya ake cewa?"

Ya sosa ƙeya. Bayo da bai taɓa rasa magana ba.

"Babu," ya ce. "Ba su da ita."

Ya bi ni gida ranar da Mai Jaka ta sake zuwa, ya yi mata bayani da Turancinsa mai kyau, ya ce kara ce, girmamawa ce, shi ma a cikinta ya tashi yana gani. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce miji ya ce abu ɗaya, aboki ya ce wani, ita kuma abin da idonta ya gani za ta bi. Ta ce mako mai zuwa za ta zo da likita. In sun ga abin da take tsoro, za a kwantar da uwar a asibitin masu ciwon damuwa ta huta, yaron kuma a ba wasu mutanen kirki su riƙe na ɗan lokaci. A matakala Bayo ya gaya mini abin da ya ji a bakin wani ma'aikacin gareji, ɗan asalin mutanen ƙasar tun kafin Turawa: haka aka ce wa 'yar'uwarsa, na ɗan lokaci, kuma har ranar ba ta san garin da 'ya'yanta suke ba. Ban sani ba ko gaskiya ne. Na dai nemi wuri na zauna a kan matakalar.

A cikin makon nan aka yi wata iska da ƙanƙara da ta sa aka rufe gareji da hantsi. Na dawo ba ta tsammace ni ba, na cire takalma a ƙasa saboda tsohuwa ba ta son a jiƙa mata matakala, na hau da safa. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Kai babbansu, wannan naka ne. Na ga uwarka kwance rub da ciki a kan gado, kai kana gabanta, ta kama tafin ƙafarka tana sa shi a bakinta tana hura maka, tana ce maka ɗan tsoho, mai gidan Gozaki, wa ya taɓa mini kai. Tana dariya har da hawaye. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Na tsaya har sanyin bene ya shiga ƙafata. Da katako ya yi ƙara, kafin in tura ƙofa ta koma ƙarshen gado tana ninke zani. Wannan ce matar da aka ce muku ta ƙi ɗanta.

Na zauna na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce in sun zo sai ta ɗauke shi a gabansu, ta dube shi, ta ba shi nono, ta kira sunansa.

"Sunan Baba?"

"Shi."

"A gabanka?"

"A gabana, a gaban Bayo, a gaban likita."

"Malam, ka ce musu Baba nake ce masa. Ko Maigida. Ka ce musu haka sunan yake."

"Sun san sunansa. Shi suke so su ji."

Ta hau murza bakin zani. Can ta ce, "Bakina ba zai iya ba."

Na yi mata tsawa, ban ɓoye ba. Na ce to ta zaɓa, bakinta ko ɗanta. Kwanakin da suka rage ba ta ci abin kirki ba, ni ma haka. Na kan ga leɓenta na motsi in tana wanke-wanke, kamar mai gwada wani abu, sai ta haɗiye. Har na fara tunanin inda za mu gudu da jariri, sai in dubi taga in ga fari har iyakar gani, ba daji, ba ƙauyen da ka san wani.

Suka zo da rana, Mai Jaka da wani gajeren likita. A hannunta ban da jaka akwai kwandon ɗaukar jariri da bargo a ciki. Kwandon nan na fara gani. Bayo ya tsaya a bakin ƙofa zai yi tafinta. Uwarku na zaune a bakin gado, yaron na tsakiya, ba kusa ba ba nesa ba. Likita ya yi 'yan tambayoyi, tana cin abinci, tana barci, ta amsa da kai. Sai Mai Jaka ta durƙusa a gabanta ta ce, yaya sunan ɗanki? Bayo ya mayar da Hausa. Shiru. Ya ce, "Amarya, don Allah." Shiru. Na juya na fuskanci taga don kada ta ga idona, abin da zan iya yi mata ke nan. Ina jin lokacin da matar ta miƙe, ta ɗauki yaron, ta fara sa masa hula. Ya tsala kuka. Na ji an shimfiɗa bargo.

"Idrisu."

Da ƙyar sunan ya fito daga bakinta. Na waiwayo. Tana tsaye, hannuwanta a miƙe.

"Ba ni shi. Idrisu, zo. Zo, Idrisu."

Ta karɓe shi, ta zauna, ta buɗe riga a gaban likita namiji, a gaban abokin mijinta, a gabana, ta sa masa nono, ta kafa masa ido ba ta ɗauke ba. Hawayenta na ɗiga a kan hular. Bayo ya fice ya tsaya a matakala. Likita ya daɗe yana kallo, ya yi wa Mai Jaka magana ƙasa-ƙasa, ta ninke bargon ta mayar cikin kwando. Da suka tafi uwarku ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ka roƙa mini Baba gafara. Kuma kada a ji a gida."

Ba su sake mu ba. Mai Jaka ta ci gaba da zuwa har ƙanƙara ta narke ƙasa ta fito, kuma duk zuwa sai uwarku ta ɗauke shi ta kira sunan. Baki kuwa sabawa yake. Mace ita kaɗai a ɗaki da yaron da ba shi da wani suna, me kuke so ta kira shi? Kafin wani sanyin ya zagayo tana kiransa ba ta ma san ta kira ba, tana yi masa wasa ina zaune, tana goya shi cikin kwat ɗin nan su fita su dawo kumatunsa a sandare. Ni ma na saba. A duk zamana da uwarku, lokacin ne kaɗai na ga tana dariya da ɗanta na fari a fili.

Da kwas ya ƙare muka dawo, yana tafiya ko'ina. Muka je ƙauye gaida Inna. Gida ya cika da mata 'yan ganin yaron da aka haifa a ƙanƙara, su suka laƙa masa Bature da kuke kiransa. Ƙanwata Lami na cikinsu. Uwarku ta koma yadda ta tafi, kai a ƙasa, gyale har goshi, yaron na hannun wannan yana komawa na waccan, ba ta ko kalli inda yake. Na ce a raina mun tsira. To amma yaron bai taɓa ganin wuta a fili ba, a can komai lantarki ne. Ya sulale daga cinyar wata, ya nufi murhu, ya miƙa hannu zai kama jan abin nan mai kyau.

"Idrisu!"

Har zaure an ji. Kafin kowa ya motsa uwarku ta fizge shi, tana jujjuya hannunsa, tana hurawa, tana sumbatar yatsun. Sai ta tuna inda take. Inna na zaune a ƙofar ɗakin da mai sunan ya rasu a ciki.

"Wa aka kira a gidan nan?" ta ce.

"An waye," in ji Lami. "An sha ƙanƙara."

Don in kare ta na ba su labarin, asibiti, Mai Jaka, kwando, duka, abin da ta roƙe ni kada a ji. Na zaci za su tausaya. Lami ta ɗauki rabin farko ta bar rabin ƙarshe, shi take rabawa har yau. Inna kuwa ta saurara har na gama, ta ce Turawa ba su yi ƙarya ba, yaron nan ba zai gyaru a hannun uwarsa ba, ta riga ta zubar da kunyarsa. Ta ce ai ya isa yaye, ɗan fari kuma dama na kaka ne. In mun koma Funtua in haɗa kayansa in kawo mata shi.

A can na san wanda zan roƙa, na san abin da za a yi a bar mana shi. A nan uwata ce. Wanda a shekarun nan zai iya duban uwarsa ya ce ba zai ba ta ɗansa na fari ba, ya zo ya faɗa mini a fuskata. Na je wurin ƙanin Baba, ya ce in ji kunya. Na je Gozaki, surukata ta ce ai gata aka yi wa yaro. Ba likita, ba kwando, ba wanda ya ɗaga murya. Ranar da zan kai shi uwarku ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ɗaure kayansa a ɗankwali, ta ajiye a kan babur. Ta koma bayan ɗaki ta hau wankin da bai kai a wanke ba. Na ɗaure shi a gabana da zani. Yana ta kiran ta har muka fita layi, ba ta leƙo ba, maƙwabta na cewa kai, yarinyar nan akwai kara. Daga ranar ban sake jin sunan nan a bakinta ba, ku ma ba ku taɓa ji ba.

Na dawo da yamma, ƙura har gira. Ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta yi mini sannu da hanya. Ba ta tambayi ko ya yi kuka ba. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta ba ni baya.

"Malam, ka gaya musu ba ya barci sai an rufe masa ƙafa?"

Na ce ban san da wannan ba, amma gobe da sassafe zan koma in gaya wa Inna.

"A'a," ta ce. "Bar shi. Kada a ce ni na ce."